Ka yi faɗa da hukuncin, ka bar mutumin

Masu cewa besbol, wasan da ake jefa ƙwallo a buge ta da sanda, wasan gyangyaɗi ne ba su taɓa ganin koci ya taso daga benci yana huci ya nufi alƙalin wasa ba. A Amurka abin har ya zama al'ada. Earl Weaver na Baltimore Orioles juya hularsa baya yake yi, don ya kai hanci da hanci da alƙali ba tare da bakin hular ya taɓa shi ba. Bobby Cox na Atlanta Braves kuwa an kore shi daga fili fiye da sau 150, har yau ba wanda ya kamo ƙafarsa.

Ni dai ban ga laifin wannan hayaniya ba. Sau da yawa kocin ya san sarai ba za a sauya hukunci ba. Yaronsa ne ya fara ɗaukar zafi, sai ya shiga tsakani, gara a kore shi da a kori wanda ake buƙata a fili. Kuma abin da iyaka. Ka ce hukuncin bai yi ba, a saurare ka. Ka zagi mutumin ko ka taɓa shi, sai waje. Da ɗan wasa Roberto Alomar ya tofa wa alƙali John Hirschbeck yawu a fuska a 1996, ba wanda ya kira shi kishin ƙungiya, rashin kunya ce tsagwaronta.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wasan 2 ga Yunin 2010 a Detroit. Armando Galarraga, ɗan Benezuwela mai jifa wa ƙungiyar Detroit Tigers, ya fitar da masu bugu na Cleveland 26 a jere, ba wanda ya taka zangon farko, wato wurin da mai bugu ke fara rugawa ya tsira bayan ya bugi ƙwallo. Saura mutum ɗaya ya kammala wasa marar aibi, wato fitar da duka 27 ba wanda ya kai zango, abin da 'yan kaɗan ƙwarai suka taɓa yi a tarihin babbar gasar besbol ta Amurka. Jason Donald na Cleveland ya buga, Galarraga ya ruga zangon farko, ya cafe ƙwallon da abokin wasansa ya jefo masa, ƙafarsa a kan zango kafin Donald ya iso. Kowa ya gani. Amma alƙali Jim Joyce ya buɗe hannaye, wai Donald ya tsira.

Galarraga murmushi kawai ya yi, ya koma wurin jifa, ya fitar da na gaba.

Bayan an tashi Joyce ya kalli bidiyon, ya fito gaban 'yan jarida ya ce shi ya ɓata wa yaron wasansa, ya kuma ba shi haƙuri ido da ido. Washegari Galarraga ne ya kai masa takardar sunayen 'yan wasa, Joyce kuma yana share hawaye a gaban dubban jama'a. Ku gaya mini, mu da muke tsine wa alƙali a gidan kallon ƙwallo tun daga minti na biyar, sau nawa muka ga irin haka?

Shugaban gasar na lokacin, Bud Selig, ya ƙi soke hukuncin, kuma wallahi na goyi bayansa, duk da zafin abin. In aka fara gyara wasan jiya daga ofis, ba ranar dainawa. A 2014 aka faɗaɗa duba bidiyo, yanzu irin kuskuren Joyce cikin minti biyu ake gyara shi. Sunan Galarraga dai har gobe ba ya cikin jerin masu wasa marar aibi.