Teburin haske a gidan tsofaffin da nake aiki

Ranar da aka rataya na'urar nan a silin falon gidan tsofaffin da nake aiki a Ingila, dariya na yi a raina. Na ce su Turawa ba sa rabo da abin mamaki, kayan wasan yara ne za a kawo wa mai shekara tamanin da ɗoriya? Yau wata takwas ke nan, na janye maganata, amma ba duka ba.

Tovertafel ake ce mata, wato teburin sihiri da harshen mutanen Holan. Wata 'yar ƙasar, Hester Le Riche, ita ta ƙirƙiro ta lokacin da take digirin digirgir a jami'ar Delft, aka fito da ita kasuwa a 2015. Ɗan akwati ne mai haska hotuna a kan tebur, da idon da ke gane motsin hannu. Ganyaye su zubo, ka share da tafin hannu su watse. Kifi na iyo, ka kai hannu ya gudu. Ba ci ba faɗuwa, ba mai ce maka ka yi kuskure.

Ciwon da aka yi na'urar dominsa, mu a gida gigin tsufa muke ce masa, mu ɗauka mantuwa ce kawai. Wanda ya zauna da masu ciwon ya san zaman jugum ya fi mantuwar cin rai. Akwai wata dattijuwa a ɓangarenmu da kan wuni a kujera, hannu a cinya, ko shayi sai an kai mata baki. Na gungura ta gaban teburin, na ja labule don hasken ya fito sosai, na soma share ganyen ni kaɗai kamar wata sakarya. Can sai ta ɗago yatsa ɗaya ta ture ganye. Ta sake. Ta dube ni ta ce ban iya shara ba. Wallahi rabon da in ji ta haɗa jimla har na manta.

To ga inda nake da ƙorafi. Ranar da ma'aikata suka yi ƙaranci, kuma ba sau ɗaya ba ne, sai a kunna na'urar, a jera mutum huɗu, a tafi wankan wasu. In ka dawo za ka tarar kifin na ta iyo, su kuma sun sunkuyar da kai. Wani dattijo ma ya yi ta ƙoƙarin damƙar kifin, da ya kasa sai ransa ya ɓaci, ya hau dukan tebur, babu kowa kusa da zai karkatar masa da hankali. An zuba dubban fam a kan akwati, an sa hotonsa a takardar talla don 'ya'yan tsofaffi su gani su yaba, amma mutum ɗaya da zai zauna minti ashirin a gefe ya gagara.

Kakata, Allah ya jiƙanta, da nata gigin ya yi nisa, faifai ake miƙa mata da wake ta tsince. Ba wani tsincewar kirki take ba, Inna kan sake bi bayan ta yi barci. Amma a tsakar gida take yi, jikoki na tsallake ƙafarta, ana yi mata sannu da aiki. Jiya da na yi dutin dare na ga an rubuta a allon ayyuka: teburin haske, ƙarfe biyu na rana. Gurbin sunan wanda zai zauna da su kuwa fayau yake.