Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba

Ƙannena matasan Maraɗi, na fada da na tashar kabu-kabu, da ku ƴanmatan da ke kwana da waya a ƙarƙashin matashi, assalamu alaikum. Kwana biyar ke nan wata magana na ci mini rai, na haɗiye ta ta ƙi haɗiyuwa. Wanda ta taɓa ya yi haƙuri, ƙauna ce ta sa.

Daren Talata bayan isha'i na biya ta wata fada neman ɗan yayata. Shayi na kan gawayi, ana jiran na biyu, sai na ga kawuna biyar sun haɗu a kan waya guda ana ta ƙyaƙyata dariya. Na zaci ƙwallo ce. Yaron ya miƙo mini, ya ce, "Kawu, ka ga wannan?" Hoton wata baiwar Allah ne, tana zaune kan benci a likita, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, karne a hannunta, ɗiyarta ƙarama ta jingina da gwiwarta tana wasa da takalmi. Daga nesa aka ɗauka, ta bayan ginshiƙi, irin ɗaukar ɓarawo. A ƙasa an rubuta: "A yi hattara da awarar wance, ga ta a layin maganin sida."

Awara na ce, amma ba ita take sayarwa ba. Da gangan na sauya, don na san halinku, yanzu wani zai zauna ya fara lissafin masu tuyar awarar garin nan tun daga Bagalam har Zariya.

Na ce wa ya ɗauka? Shiru. Na ce wa ya turo? "A grup muka gani, Kawu." Kai kuma grup nawa ka tura? Ya ce uku kawai. Uku kawai! Sai wani daga gefe, yana juya shayi daga kofi zuwa kofi, ya ce, "Ai Kawu ceton jama'a ne. Mutane na cin abincinta." Wallahi wannan kalma ta fi hoton ƙona mini rai. An tona wa mutum asiri, sannan an ɗaura wa tonon rawani an kira shi aikin lada.

To bari mu yi maganar ceton. Ku da kuka yi lakwal, wane mushe ne ya koya muku cewa cutar nan ta sida, wato ƙanjamau, na bin kasko? Tun 1983 aka gano ƙwayarta a Faransa, tun 1987 aka san da ita a Nijar, kowace shekara ranar 1 ga Disamba rediyo na ta faɗa har makogwaro ya bushe: jini ne, da saduwa, da uwa zuwa ɗa lokacin ciki ko haihuwa ko shayarwa. Ba ta bin kwano, ba ta bin buta, ba ta bin musabaha, sauro ma ba ya ɗaukarta. Da ta abinci ake kamuwa, da tuni babu mai sauran numfashi a babbar kasuwa. Ku da kanku ba ku ma san abin da ya kai ta bencin nan ba. Ni ban sani ba, mai hoton bai sani ba. Zato ne kurum, aka yi masa ƙafa ya zaga gari.

A ce ma gaskiya ne. Wanda kuka gani a layin magani, ai shi ne ya ɗaure kurar da ke jikinsa. Maganin nan kyauta ake ba da shi, galibi ƙwaya ɗaya a rana. Wanda ya riƙe shi ba fashi, cikin kamar wata shida ƙwayoyin cutar kan ragu a jininsa har awo ya kasa ganinsu, kuma likitocin duniya sun tabbatar da cewa wanda ya kai wannan matsayi ya tsaya a kai ba ya sa wa matarsa ko mijinta ta hanyar saduwa. Wani babban bincike da aka bayyana a 2011, a kan ma'auratan da ɗaya ke da cutar ɗaya ba shi da ita, ya nuna fara magani da wuri ya rage yaɗuwar da kashi 96 cikin 100. Mai ciki kuwa, in ba magani, tsakanin jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 kan ɗauka. Da magani ba su kai 5 ba. Ke nan yarinyar nan da ke wasa da takalmi, mai yiwuwa zaman uwarta a bencin nan ne ya tsirar da ita. Shi ne kuka ɗauka hoto kuna dariya.

Abin tsoro shi ne wanda bai taɓa miƙa yatsa an ɗebi jininsa ba, yana yawo yana cewa shi garau yake. Kai mai turawa grup uku, yaushe rabonka da awo? Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Na san inda wasunku ke jingine babur bayan sha biyun dare, ban faɗa wa iyayenku ba. Na ga yadda kuke miƙa hannu ga mai yankan farce da almakashi ɗaya ya gama da layin tasha, na ga reza ɗaya tana zagaya kawuna uku ranar jajibirin salla. Ba na ma son in shiga maganar tramol, da wanda ke haɗiya biyu da safe ya hau babur da matar mutane a baya. In ceton jama'a kuke so, ga aiki nan jibge a gabanku. Amma a'a, sai macen da ba ta da mai tsaya mata.

Ku ji abin da cetonku ya haifar. Kafin Juma'a ba mai tsayawa wurinta. Iyaye sun hana yara. An ce ɗiyar ma a makarantar allo an fara janye tabarma daga kusa da ita. Kullum bayan salla muna ɗaga hannu muna cewa Allah ya rufa mana asiri, kuma a bakin Bahaushe rufin asiri shi ne ɗan abin da mutum zai ci bai roƙi kowa ba. Kaskon nan shi ne nata. Kun yaye mata mayafi kun kuma kife mata kasko da yatsa ɗaya, da kuɗin intanet da bai wuce dala ashirin ba.

Ba ita kaɗai kuka cuta ba. Duk wanda ya ga hoton nan alhali yana da ranar komawa likita, sai ya sake tunani. Akwai masu ɗaukar mota su tafi Damagaram ko su tsallaka Katsina karɓar magani, don kawai kada idon sani ya gan su. Ranar da kuɗin mota ya gagara, sai a yi fashi. In aka yi fashi cutar ta farfaɗo, wani lokaci ta gagari maganin, ta koma mai yaɗuwa. Wanda yake shirin zuwa awo kuma ya fasa, ya ce gara ya mutu bai sani ba da ya zama abin hira a fada. Shi ne zai je ya yi aure a haka. To wa ya yaɗa cutar, mai layi ko mai hoto? Baki shi ke yanka wuya. A Afirka ta Kudu, cikin Disamban 1998, wata mata mai suna Gugu Dlamini ta fito ta faɗi cewa tana ɗauke da cutar, mutanen unguwarsu suka yi mata dukan da ya zama ajalinta. Kada ku ce mu ba mu kai nan ba. Su ma da nuni da baki suka fara.

Na san abin da za ku ce. Za ku ce, to Kawu, wanda ya san yana da ita ya ɓoye, ya je ya auri ɗiyar mutane fa? Ba na kare shi, ko kaɗan. Wannan azzalumi ne maha'inci, kuma Manzon Allah (SAW) ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu. Na taɓa raka gawar yarinyar da aka yi wa haka, ban manta kukan uwarta ba. Wadda za ta haɗa shimfiɗa da kai tana da haƙƙin ta sani, haka ma wanda zai aure ki. Dokar ƙasar nan a kan cutar, wadda aka yi a 2007 aka sabunta a 2015, ta riƙe bakin zaren biyu: ta kare sirrin mara lafiya, ta kuma tanadi hukunci ga mai sa wa wani da gangan. Maƙwabtanmu na Kano a 2024 sun mayar da awon lafiya kafin aure doka, a nan ma iyaye masu hankali sun fara neman takarda kafin a sa rana, kuma ina bayansu. Malamai sun halatta faɗin aibin mutum idan an zo neman shawarar aure, amma ga wanda abin ya shafa, gwargwadon buƙata, ba ƙari. To matar nan wa ya zo neman aurenta ya tambaye ka? Mutum ɗari biyu da ke grup ɗinku duk manemanta ne? Ayar Suratul Hujurat da ta hana bin diddigin mutane, ta kamanta gulma da cin naman ɗan'uwa matacce, kun haddace ta tun kuna yara. Ko an ce ba ta aiki a WhatsApp?

Mandela, da girmansa, a Janairun 2005 ya tara ƴan jarida ya ce sida ce ta kashe ɗansa. Maganar gidansa ce, shi ya zaɓi ya faɗa. Kai kuwa na gidan wani ka ɗauko ka baza a faifai.

Ni abin da ke ba ni baƙin ciki, ba haka muka taso ba. Ina tuna wata shekara aka zo wa mahaifina, Allah ya jiƙansa, da maganar wani mai neman aure a dangi, shi kuma ya san wani abu game da lafiyar mutumin. Bai ce wa kowa uffan ba, har innarmu. Bayan sallar asuba ya zura takalmi ya tafi zauren uban yarinyar, suka rufe ƙyaure. Abin da muka ji daga baya kawai shi ne an ɗaga maganar sai an je likita. Auren bai yiwu ba, yarinya ta tsira, mutumin kuma ya ci gaba da sahu ɗaya da kowa a masallaci, ba wanda ya ja jiki. Har tsoho ya koma ga Allah ban ji mene ne ba. Su mutanen da, in mutum na jinya sai a ce ba ya jin daɗi, a aika da kunu, a yi shiru. Yanzu kuwa tun mara lafiya bai fito daga ɗakin awo ba labari ya riga shi gida, don har cikin masu farar riga akwai waɗanda bakinsu ba ƙyaure. Mata a gidan biki ana naɗar muryar juna ana turawa. Dattijo ma sai ka gan shi da carbi a dama, waya a hagu, yana cewa "turo mini in gani". Ina kunya ta tafi? Ina kara? Magana zarar bunu ce, mu dai mun san haka, amma yara sun taso suna zara kamar ba a kansu rufin yake ba.

Ku ji tsoron Allah, ƙannena, ku gyara. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa naka, ba fetur ake nemowa ba.

A daren nan na tsaya a kan ɗan yayata sai da ya goge hoton. Ya goge, ya ɗago kai ya ce, "Kawu, ai ya riga ya zaga." Jiya da la'asar na bi ta wurin sana'arta, duwatsun murhu uku ne kawai da toka, wata akuya na lasar ƙasa. Na roƙi maiɗakina ta je ta gaishe ta, ta tafi da ɗan sabulu da sukari. Ta yi sallama sau uku kafin yarinyar ta leƙo ta bayan labule, ta ce, "Inna ta ce ba ta nan."