Waliyyi Ba Laya Ba Ne

Kusan kowane ɗan Katolika a ƙauyukanmu na kudancin Kano yana da suna biyu, wato sunan gida irin su Tanko, Ladi ko Talatu, da kuma sunan da aka ba shi ranar baftisma, irin su Bitrus, Monika, Tereza ko Kizito. Sunan na biyu na wani waliyyi ne ko waliyyiya da suka riga mu gidan gaskiya, amma idan ka tsayar da mutum goma a bakin coci bayan an tashi daga addu'ar Lahadi, ka tambaye su wane ne mai sunan nasu, a wace ƙasa ya zauna, da me ya ci abinci, me ya sha wahala a kansa, da wuya ka sami amsar da ta wuce "mutumin Allah ne". Wannan abin ya daɗe yana damuna, domin ina ganin daga nan ne matsalarmu da waliyyai ta samo tushe. Muna ƙaunarsu, muna rataya hotunansu, muna kiran sunayensu idan ciwo ya tsananta, amma ba mu san su ba, kuma wanda ba ka sani ba ba za ka iya koyi da shi ba. Abin da ya rage kawai shi ne ka mai da shi laya.

Kafin in shiga wannan, ya kamata in amsa tambayar da 'yan'uwanmu na wasu ikilisiyoyi suke yi mana, wani lokaci cikin raha, wani lokaci da zafi, cewa don me muke bauta wa mutane da gumaka. Ba ma bauta musu. Sujada ta Allah ce shi kaɗai, kuma mun yarda da abin da Bulus ya rubuta wa Timoti, cewa matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, shi ne Yesu Almasihu. Abin da muke yi da waliyyai girmamawa ce da neman addu'a. Duk Kiristan da ya taɓa ce wa mahaifiyarsa ko fastonsa "a sa ni a addu'a" ya riga ya yarda cewa roƙon wani yana amfanar wani, kuma wasiƙar Yakubu ta ce addu'ar mai adalci tana da ƙarfi ƙwarai. Mu dai mun gaskata cewa mutuwa ba ta yanke wannan zumunci, shi ya sa a cikin shaidar bangaskiya muke ambaton tarayyar tsarkaka. Maganar hotuna kuwa, tun a shekarar 787 babban taron bishop-bishop na biyu a Nikiya ya yanke cewa girman da aka ba hoto yana komawa ga wanda hoton yake nunawa, kuma girmamawa daban take da sujada. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da tasu tsohuwar muhawara a kan waliyyai da kamun ƙafa da su, wadda ba hurumina ba ce, na ambace ta ne don a san cewa tambayar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa.

To amma gaskiya ɗaya ce, mai zargin namu ba littafin koyarwa yake karantawa ba, mu yake kallo, kuma abin da yake gani a wasu gidajenmu yana ba shi hujja. Na ga jariri a bayan uwarsa a cikin coci, an ɗaura masa ƙaramar lambar ƙarfe mai hoton Maryamu a wuyan hannu da baƙin zare, a kan zaren nan kuma akwai wata 'yar laya da aka ɗinke da fata, wadda kowa ya san daga wurin boka ta fito. Uwar ba ta ga wani saɓani a tsakaninsu ba, a wurinta duka biyun maganin mayu ne da baki, idan wannan bai kama ba wancan zai kama. Haka nan akwai masu karɓar ruwan albarka a gora su ajiye a ƙarƙashin gado, yaro yana fama da zazzaɓin cizon sauro kwana da kwanaki, ana shafa masa ruwan ana ɗura masa, ba a kai shi asibiti ba sai da jiki ya yi nisa. Ban raina wannan uwa ba, domin tsoro ne da ƙaunar ɗanta suka sa ta, kuma yawancinmu iyayenmu ko kakanninmu daga gidajen Maguzawa suka fito, inda aka saba da cewa kariya abu ce da ake ɗaurawa a jiki. Laifin ya fi komawa kanmu da muka yi karatu, muka ba ta lambar ba mu ba ta bayanin ba. Koyarwar Ikilisiya a fili take, littafin katekizim da aka fitar a 1992 ya kira shi camfi idan mutum ya ɗauka cewa ƙarfin addu'a ko na wata alama mai tsarki yana cikin yin ta a zahiri kawai, ba tare da halin zuciyar da ya kamata ba. Tun a 1563 ma babban taron bishop-bishop na Tirent, da ya tabbatar da neman addu'ar waliyyai, ya umarci a kawar da duk wani camfi da neman kuɗi daga cikin al'amarin.

Abin lura shi ne yadda Ikilisiya kanta take tantance waliyyi. A ƙa'ida sai mutum ya shekara 5 da rasuwa kafin a buɗe bincike, kuma abin da ake fara dubawa shi ne rayuwarsa: a tambayi waɗanda suka zauna da shi, a karanta abin da ya rubuta, a ga ko ya riƙe gaskiya da haƙuri da ƙauna fiye da yadda aka saba gani. Sai wannan ya tabbata ake zuwa maganar mu'ujiza. Mu kuwa mun juya tsarin, mu'ujizar muke fara tambaya, halin kuma ba mu damu da shi ba.

Ku ɗauki Waliyyi Isidor, wanda ake kira waliyyin manoma. Ya rayu a Madrid ta ƙasar Sifen, ya rasu wajen shekarar 1130, aka sa shi cikin waliyyai a 1622. Ba Fada ba ne, ba malami ba ne, ba shi ma da gonar kansa, a gonar wani mai hali ya yi aiki har ƙarshen ransa, wato abin da mu za mu kira ɗan ƙodago. Yana da mata, wadda ita ma ake girmama ta a ƙasarsu, kuma an san su da raba ɗan abin da suka samu da waɗanda suka fi su talauci. Ana tuna shi ranar 15 ga Mayu, daidai lokacin da muka gama sharar gona muka kai taki, muna ta kallon gabas ko hadari zai haɗu. Labarin da mutane suka fi so a kansa shi ne wanda ake cewa abokan aikinsa sun kai ƙararsa yana makara saboda zuwa Misa, mai gonar ya zo dubawa ya tarar mala'iku suna huɗa a madadinsa. Labari ne mai daɗi, amma ina roƙon kada wani ya riƙe shi hujjar isa gonar mutane da hantsi bayan ya karɓi kuɗin yini. Abin da manomi zai ɗauka daga Isidor shi ne cewa ana iya kai wa matsayin tsarki da fartanya a hannu. Wanda ya kai irin gero da dawa coci a sa musu albarka ranar Isidor, sannan da damina ta sauka ya ci kunya biyu daga iyakar gonar gwauruwar da ke maƙwabtaka da shi, ina ganin gara ya bar irin a gida. Haka wanda yake ba ɗan'uwansa buhu ɗaya a watan Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa yara suna kuka, da sharaɗin a biya shi biyu da kaka.

Kasuwa ma wuri ne da ake gane wannan. Ranar kasuwa za ka ga mai awo ta shimfiɗa buhu ta tara masara, rosari yana rataye a wuyanta, mudu biyu kuma suna gefenta, ɗaya na saye ɗaya na sayarwa, na sayarwar an ɗan bubbuga gindinsa ya shiga ciki yadda ido ba zai lura ba. Mai saye Musulmi ne ko Kirista, zai je gida ya sake aunawa, kuma abin da zai tuna shi ne rosarin nan. A ƙauyukan da muke 'yan tsiraru, inda ba kowa ne zai taɓa shiga cocinmu ya ji wa'azi ba, mudun nan da rashin yin algus da biyan bashi a kan lokaci su ne yawancin abin da maƙwabta za su taɓa sani game da addininmu.

Ga mata kuwa, musamman iyayenmu na Zumuntar Mata, babu wadda ta fi kusa da rayuwarsu kamar Monika. 'Yar Afirka ce, daga garin Tagaste da ke cikin Aljeriya ta yau. An aurar da ita ga mutumin da ba Kirista ba, mai saurin fushi, ɗanta Agustin kuma ya bar hanyar da ta ɗora shi ya bi son ransa shekara da shekaru. Ta ga mijin ya karɓi baftisma kafin ya rasu, ta ga ɗan ya tuba an yi masa baftisma a 387, shekarar da ita ma ta rasu, daga baya ya zama bishop na Hippo kuma ɗaya daga cikin manyan malaman Ikilisiya. Ana tuna ta ranar 27 ga Agusta, shi kuma washegari, kuma Bishop ɗinmu na Kano, John Namaza Niyiring, ɗan ƙungiyar da ke bin tafarkin Agustin ɗin ne. Mace nawa muke da su da miji yake kwana a gidan burkutu, ɗa kuma ya tafi birni ya daina ko aiko da gaisuwa? Sai dai a nan ina da gargaɗi ga maza da masu wa'azi: kada a riƙa ɗauko sunan Monika don a rufe bakin matar da ake duka. Haƙurinta abin koyi ne, amma bai wanke mijin da ya sa ta haƙurin ba, kuma aikin katakis, wato malamin addini na coci, da dattawan coci ne su kira irin wannan miji su yi masa magana.

Ina kuma mamakin yadda muka fi sanin waliyyan Turai fiye da na kusa da mu. Josefin Bakhita an haife ta a Darfur ta Sudan wajen 1869, aka sace ta tana yarinya, aka sayar da ita hannu zuwa hannu, aka tsattsaga jikinta aka zuba gishiri a raunukan. Ta ƙare a Italiya ta zama Sista, kuma aikin da ta yi shekaru da dama shi ne girki da tsaron ƙofa, har ta rasu ranar 8 ga Fabrairu 1947, Paparoma John Paul na Biyu ya sa ta cikin waliyyai a 2000. Abin da aka fi tunawa da ita shi ne ta yafe wa waɗanda suka yi mata wannan, mu kuwa akwai gidajen da wa da ƙani suke zama a benci ɗaya ran Lahadi alhali ba sa gaisawa saboda rabon gado. Akwai shahidan Yuganda 22, Charles Lwanga da abokansa, waɗanda aka ƙona da yawansu a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886, ƙaraminsu Kizito bai wuce shekara 14 ba. A Nijeriya muna da Fada Cyprian Michael Iwene Tansi, ɗan Aguleri, wanda ya yi ta zaga ƙauyuka a ƙafa da keke kafin ya shiga gidan sufaye a Ingila, inda ya rasu a 1964, aka ba shi matsayin mai albarka, wato matakin da ke kafin na waliyyi, a Oba kusa da Onica ranar 22 ga Maris 1998. Katakis ɗin da yake tuƙa keke zuwa ƙauye uku ran Lahadi saboda Fada ba ya samun zuwa sai jefi-jefi ya cancanci ya san cewa akwai wanda ya yi irin wahalarsa.

Kada a fahimce ni da cewa a daina rosari, ko addu'ar kwana tara, ko sa lamba a wuya. Ni ma ina yi, kuma babu abin da ya fi kwantar mini da hankali kamar jin tsofaffi suna jan "A gaishe ki Maryamu" da yamma a watan Oktoba. Amma Maryamun da muke gaisarwa, maganar ƙarshe da Linjilar Yohanna ta kawo daga bakinta ita ce wadda ta faɗa wa ma'aikata a bikin Kana, cewa duk abin da Yesu ya faɗa musu su yi. Babban taron bishop-bishop na Batikan na Biyu ya nanata a 1964 cewa kiran zuwa ga tsarki na kowane mai baftisma ne, ba na Fada da Sista kaɗai ba, wato ya haɗa da mai awo da ɗan ƙodago da ɗan acaɓa.

Diyosis ɗin Kano, wanda ya haɗa jihohin Kano da Jigawa, bai cika diyosis ba sai a 1999, saboda haka al'adun cocinmu yanzu ake kafa su, kuma gyara yana da sauƙi tun abu bai ƙafe ba. Shawarata ga katakis-katakis ita ce kada a rubuta sunan baftisma a kati sai iyaye da iyayen baftisma sun ji tarihin mai sunan, ko da a minti biyar ne. Ranar 1 ga Nuwamba, idin dukan tsarkaka, a bar yara da manya su tashi ɗaya bayan ɗaya su faɗi abu guda da mai sunansu ya aikata. Waɗanda Allah ya ba ilimin boko a cikinmu kuma su zauna su rubuta tarihin waliyyan nan da Hausa mai sauƙi, shafi ɗaya ga kowanne, a kai wa Fada ya duba, a buga a raba wa ƙananan coci-coci, a kuma naɗi murya a tura ta WhatsApp saboda iyayenmu da ba su iya karatu ba. A fara da Isidor da Monika da Bakhita da Kizito da Tansi, sauran su biyo baya.