Kuɗin kare tsofaffi a mazaɓa ya kamata ya sauka

An sake yi bana ma. 15 ga Yuni ta zagayo, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2011 don yaƙi da cin zarafin tsofaffi, an cika ɗakunan taro a birane, an karanta jawabai, an jera dattawa an ɗauki hoto, kowa ya kama gabansa. Abin da ya tsaya min a rai shi ne: cikin kuɗin da aka kashe ranar nan, nawa ya isa ƙauye? Ko na litar mai ɗaya da za a zuba a babur a je a duba tsohuwar da aka kulle a ɗaki?

Doka dai akwai ta a Najeriya. A farkon 2018 aka sa hannu a dokar kafa Cibiyar Dattawa ta Ƙasa, a 2021 ta fara aiki, a shekarar kuma gwamnatin tarayya ta amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar hana cin zarafin jama'a ta 2015 ta mai da yasar da wanda ke ƙarƙashin kulawarka laifi, jihohi da dama sun ɗauke ta. Amma ka shiga sakatariyar ƙaramar hukuma ka nemi sashen walwalar jama'a. A wurare da yawa ɗaki guda ne, jami'i guda, babu abin hawa, babu kuɗin mai, babu ko katin waya. Wannan mutumin ake so ya kare tsofaffin ƙauyuka masu nisan kilomita talatin ko arba'in? Da ƙafa zai je?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma abin da ake kai ƙara bai wuce 1 cikin 24 ba. Tsoho ba ya kai ƙarar wanda ke ba shi tuwo. Ga kunya, ga tsoron a ce ya tona asirin gida, ga shi ƙafa ta daina kai shi ko ƙofar mai unguwa. Saboda haka duk tsarin da ke zaune yana jiran a zo a same shi ya faɗi tun kafin ya fara. Lambar kiran gaggawa ma haka take. Wa zai kira, a garin da sai an hau tudu ake samun sabis, wayar kuma tana aljihun jikan da ke cin kuɗin?

A ƙauye cin zarafin nan ba kasafai yake zuwa da duka ba. Gona ce ake jinginarwa ko a sayar mai ita yana raye, a kawo takarda a ce Baba dangwala nan. Katin banki ne da lambar sirrinsa a hannun ɗa, kuɗin fansho ko tallafi ya shigo ya fita wajen mai POS, mai kuɗin bai ji ko ƙarar saƙo ba. Tumunin takaba ne da ba a taɓa fitar wa tsohuwa ba, an bar ta tana roƙon ’ya’yan miji abin da shari'a ta riga ta mallaka mata. Sai kuma sakaci, wanda ya fi kowanne kisa: wanda shanyewar ɓarin jiki ta kwantar, ba a juya shi, har gyambo ya ɓarke a ƙugu da diddige. Juyi duk bayan awa biyu ke hana wannan, da shimfiɗa busasshiya. A bazara kuwa ƙishirwa ce, don tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, wasu gidajen ma da gangan ake rage masa ruwa don kada ya jiƙa shimfiɗa.

Ga abin da nake nufi da a kai kuɗi mazaɓa. Najeriya na da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809, wato kamar 11 kowace ƙaramar hukuma. A kowace mazaɓa a ɗauki mutum guda ɗan yankin, an fi son mace, don ita ke shiga cikin gida ba tare da an tsayar da ita a zaure ba. A ɗora ta a asibitin mazaɓar, a ba ta babur ko mai kai ta, da kamar lita 20 na mai a wata, da waya da kati, da littafin rajista. A mafi ƙarancin albashi na naira 70,000, mutum 11 naira 770,000 ne a wata. Wace ƙaramar hukuma ce za ta ce wannan ya fi ƙarfinta, bayan Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a Yulin 2024 cewa a riƙa ba su kasonsu kai tsaye?

Aikinta na farko rajista ne, tare da masu unguwanni da limamai da ungozomomi, don su suka san gida gida. Ba kowane tsoho za a bi ba. A fara da rukuni huɗu: mai zaman kaɗaici, wanda ke kwance, gwauruwar da ba ta da ɗa a gari, da mai gigin tsufa. Waɗannan a leƙa su sau biyu a wata. Idan an je, a nemi a keɓe da tsohon ko na minti goma ne. Nan ne ake yawan ɓata aikin: a tambaye shi gaban ɗansa, ya ce lafiya lau, a rubuta lafiya lau. A duba wuyan hannu ko akwai shatin igiya, a duba damatsa biyu ko akwai alamar riƙo, a ɗaga zane a ga baya da ƙugu, a leƙa randa da kwanon abinci, a ga ko sakata ta waje ce a ƙofar ɗakin. A tambaye shi wa ke riƙe da katinsa, kuma yaushe rabonsa da ganin kuɗinsa. Idan wani ne ke amsa kowace tambaya a madadinsa, a rubuta wannan ma.

Abin da aka gano kuma a san inda za a kai shi. Rauni asibiti, cikin kwana biyu. Gona da gado gaban alƙali, kuma a biya kuɗin mota daga kuɗin da aka kai mazaɓar, don a nan yawancin ƙararraki ke mutuwa. Sulhu wajen dagaci yana da kyau, amma sulhun da ba a rubuta ba, ba a koma an duba bayan mako biyu ba, mayar da tsohuwa ne hannun wanda yanzu ya ƙara jin haushinta.

Na san masu cewa mu a al'adarmu ba a wulaƙanta iyaye, addini ya hana a ce musu ko tir. Gaskiya ne ya hana. Ya hana sata ma, amma ba mu rushe kotu ba. Masu cewa wannan shiga sha'anin gida ne, su je su ga gyambon da ya kai ƙashi sannan mu yi magana. Masu son a gina gidan tsofaffi a birni kuwa, wace tsohuwa ce za ta yarda a raba ta da jikokinta da maƙwabtan da ta yi shekara hamsin tare da su? Kuɗin ginin nan a kai shi mazaɓa.

Kada kuma a ɗauka duk mai sakaci mugu ne. Sau da yawa suruka ce guda, ga goyo, ga surfe, ga ɗebo ruwa, miji ya tafi ci-rani, ita ke wankin kashi da fitsari dare da rana. Sabulu, ledar shimfiɗa, kunzugun manya, safar hannu, da wanda zai karɓe ta yini guda a mako, sun fi ɗaurin kurkuku hana cutarwa. Wani ɓangare na kuɗin nan nata ne. Akwai ma inda za a jingina: asusun kiwon lafiya a matakin farko da dokar lafiya ta 2014 ta kafa, da aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya, da dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta sa tsofaffi cikin marasa galihu. Jihar Ekiti tun 2011 ta gwada bai wa masu shekara 65 zuwa sama naira 5,000 a wata. Sai dai irin wannan kuɗi in ba mai bibiya, aljihun mai riƙe da kati yake faɗawa.

Maganar gigin tsufa ita ta fi ci min rai. Ƙwaƙwalwa ce ta samu ciwo: tsohuwa ta fita da dare, ta shiga gidan da ba nata ba, ta kira sunan mamaci, ta amsa laifin da ba ta yi ba. Sai yaro ya yi zazzaɓi a unguwa, a ce mayya ce. A Yulin 2020 a Kafaba, kusa da Salaga ta ƙasar Gwanja a Ghana, inda kakanninmu suka yi fataucin goro, an doke wata tsohuwa mai shekara 90 har lahira da rana tsaka, mutane na kallo, wasu na ɗaukar bidiyo. Majalisar Ghana ta zartar da dokar hana zargin maita a 2023, shugaban ƙasa na lokacin bai sa hannu ba, sansanonin Gambaga da Kukuo kuma cike suke da tsofaffin mata da aka koro daga garuruwansu. Zargi ba ya zama kisa a rana ɗaya, yana ɗaukar kwanaki ana raɗa. A kwanakin nan ne mai babur, da malamin asibiti, da liman za su iya shiga tsakani. Babu wanda zai yi wannan daga Abuja.

Af, tun da na ambaci dangwala yatsa. Tsofaffi da yawa da ake ci wa gona ba su ga abin da ke takardar ba ne, saboda yanar ido. Cire ta aiki ne da ba ya kai rabin awa, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin ido na Kano. Masu hannu da shuni da ke neman inda za su kai zakka ko sadaka, ku tambayi mai unguwarku tsofaffi nawa ne suka daina fita masallaci saboda ido, ku ɗauki mota guda ku kai su, ku kuma biya kuɗin komawa a duba su bayan aikin, don wannan komawar ce ake yawan fasawa.