Yadda na mayar da ango haruffa har aka kira malam

Jama'a duk wanda yace muku sha'awar tsofaffin kwamfutoci bata da haɗari to bai taɓa haɗata da bidiyon biki bane. Ina da ɗan shago a Samaru, gyaran laftof, tura karatu da wa'azi a memori, buga furojet ɗin ɗaliban ABU in lokacinsa yazo, irin wannan dai. To da zarar ɗalibai sun tafi hutu kasuwa mutuwa take murus, sai ka wuni kana korar ƙuda, kuma a irin wannan zaman ne na faɗa harkar BBS.

Ga wanda bai sani ba, kafin intanet ta zama ruwan dare, mutum ne zai aje kwamfuta a ɗakinsa ya haɗata da layin tarho ta wata 'yar na'ura da ake cewa modem, kai kuma daga gidanka ka buga lambarsa, taka na'urar tayi ta tsuwa tana ƙara, in ta shiga ka karanta saƙonnin da mutane suka bari, ka bar naka, ka sauke fayil, sannan ka fita don wani ya samu shiga tunda layi ɗaya mutum ɗaya yake ɗauka. Wasu mutum biyu a Shikago ta Amurka, Ward Christensen da Randy Suess, su suka fara abin a 1978 lokacin da dusar ƙanƙara ta kulle su a gida. Kaga kenan su ma zaman banza ne ya jawo, ba ni kaɗai ba. Mu nan bamu mori abin ba sam, gida nawa ne a Zariya yake da lambar 069 a wancan lokacin, zama mukayi sai da GSM tazo a 2001 muka tsallake. Amma har yau akwai masu raya abin ta intanet, ka saka manhajar Synchronet a tsohuwar kwamfuta ta zama taka BBS ɗin, mutane su shigo ta telnet, wato hanyar shiga wata kwamfuta daga nesa ta intanet, da wata manhajar mai suna SyncTERM. Na haɗa tawa a kan wata laftof da mai ita ya gudu ya bari saboda kuɗin gyara.

Abin da ya tafi dani shine zanen. Allon BBS ba ruwansa da hoto, haruffa kawai ya sani, 80 a kwance 25 a tsaye, gurbi 2000 kenan cif, kala kuma 16 ba ƙari. Amma a cikin haruffa 256 da IBM ta zuba a kwamfutarta ta 1981, waɗanda ake kira CP437, akwai wasu da ba na karantawa bane, wani cikakken tubali, wani rabin tubali na sama, wani na ƙasa, wani mai ɗigo ɗigo. Da su yaran wancan zamanin suke zana dodanni da motoci, akwai ma manhajar TheDraw ta 1986 da har motsi take sa zanen yayi. Sai na karanta cewa yanzu ana ɗaukar bidiyo sukutum a mayar da shi irin wannan zanen mai motsi. Nace ashe.

Ana haka ɗan gwaggona yayi aure a cikin birni, aka kawo min filas ɗin bikin wai in rage masa nauyi yadda zai turu a WhatsApp. Aikin minti goma. Nayi musu, amma fa na riga na ga abin gwaji. Na yanko daidai inda ango da amarya suke shigowa wajen dina ana musu liƙi, na sa manhajar juya bidiyo ta ffmpeg ta matse shi zuwa ɗigo 80 a kwance da 50 a tsaye. Dalilin 50 ɗin kuwa, in kayi amfani da rabin tubalin nan na sama, kalar harafin ta zama ɗigon sama, kalar bayansa ta zama ɗigon ƙasa, sai gurbi ɗaya ya baka ɗigo biyu. Wallahi ranar da na gane wannan dabarar sai da na tashi na zaga shago. Na rage hotunan daga 30 a daƙiƙa zuwa 5, na kunna a tagar laftof ɗina ta zamani, ga ango nan yana tafiya, in ka ja baya ka kanne ido ɗaya har murmushinsa zaka hango.

Bakina ne ya ƙi zama. Na faɗa a gurup ɗin dangi cewa na yiwa bidiyon bikin wani aiki irin na Turawan da, wanda babu wanda aka taɓa yiwa a duk ƙasar Zazzau. Kafin magariba magana ta koma wai na mayar da bikin fim ɗin ƙasar waje. Gwaggo ta aiko ranar Juma'a bayan la'asar in zo in nuna, har da dambu za'ayi.

Na ɗauko laftof da wayoyi na hau ɗan sahu, Kwangila, PZ, Tudun Wada, muka shige ta Ƙofar Doka ina ta tsara jawabin da zanyi. Na tarar falo ya cika, amarya da ƙawayenta, yayyen ango mata, yara a ƙasa, ango kansa ya raɓe bakin ƙofa. Shi ɗan fari ne wajen Gwaggo, ko sunansa bata faɗa, yaron nan kawai take cewa, ko a bikin ma yi tayi kamar ba ɗanta ake aurarwa ba. Na jona laftof da talabijin, kuma don abin ya fito da asalinsa sai na shiga ta SyncTERM na saita gudun a 2400, irin modem ɗin ƙarshen shekarun 1980. Ai in zaka nuna tarihi ka nuna shi da gaske.

To ga lissafin da ya kamata kowa ya sani. Gudun 2400, wato bit 2400 a daƙiƙa, harafi 240 ne a daƙiƙa, domin kowane harafi yana cin bit 10 a kan layi, shi bit kuwa shine ƙwayar bayani mafi ƙanƙanta a kwamfuta. Allo ɗaya mai gurbi 2000 ko babu kala zai ci sama da daƙiƙa 8. Kala kuma ba kyauta bace, duk sanda zata canza sai an tura wata 'yar lambar umarni da kan kai harafi 10, kuma a bidiyo kusan kowane gurbi kalarsa daban da ta maƙwabcinsa. Sai hoto ɗaya ya tashi wajen harafi 20,000, wato fiye da minti ɗaya kafin ya gama sauka. Minti ɗaya na bidiyo mai hoto 300 kuwa kusan awa 7. Shayar da raƙumi da cokalin shayi kenan. Akwai dabarar tura guraben da suka canza kawai a bar sauran, amma mai ɗaukar bidiyon namu hannunsa rawa yake tun daga farko har ƙarshe, ga kuɗin liƙi na ta shawagi, babu gurbin da ya zauna lafiya.

Duk wannan ma ashe ba shine ba. Ina danna madanni sai ga layin farko ya fara fitowa daga sama a hankali, kuma maimakon tubalan nan masu kyau sai ga wasu haruffa, ΓûÇ ΓûÇ ΓûÇ, a jere reras, kala kala, layi bayan layi. Manhajar da ta juya bidiyon ta ajiye shi a tsarin UTF-8 na zamani inda rabin tubali yake cin bayit uku, wato mazaunin harafi uku a tsohon tsari, ita kuwa SyncTERM da idon CP437 take karatu, sai ta ɗauki kowane bayit a matsayin harafi mai zaman kansa. Ni na gane haka nan take. Mutanen falo kuwa shiru sukayi, har mai tauna dambu ta tsaya.

Wata yayar ango ce ta fara magana ƙasa ƙasa, tace wannan ai hatimi ne. Shikenan. Gwaggo ta gyara zama tace kai ɗan nan, me ka rubuta a kan yaron nan? Nace Gwaggo ba rubutu bane, hotonsa ne, hularsa ce ma wannan take sauka. Tace hula? Nace eh hula. Tace to ni tunda uwata ta haifeni ban taɓa ganin hular da ake rubutawa da baƙaƙen da ba na Larabci ba ba na boko ba. Wata tsohuwa daga dangin amarya ta fara jan a'uzu, ta janye jikarta daga gaban talabijin.

Nace a bani minti biyar. Na sake juya fayil ɗin zuwa CP437 hannuna na ɓari, na ɗaga gudun zuwa 115200, tarihi ya tafi can ya huta. Wannan karon tubalan suka fito, ga mutum biyu nan ana gani. Na sauke ajiyar zuciya. Sai babbar rigar ango ta fara ƙyaftawa. Fari, toka, fari, toka, ba tsayawa, shi kaɗai a duk allon. Abin da ya faru shine a tsohon tsarin kala 16 ɗin na harafi ne kawai, bayan harafi kala 8 gareshi, bit ɗin da zai baka haske a baya shi aka ba aikin ƙyaftawa, sai in an kunna abin da suke kira iCE, mai kashe ƙyaftawar ya bada hasken. Shaddar ango kuwa fara ce tas, an sha bugu, duk inda ta faɗo sai manhaja ta nemi fari mai haske a baya. To ku gaya min yadda zan yiwa Gwaggo bayanin bit a wannan yanayin.

Gwaggo da bata taɓa nuna ta san yaron ba sai gata tsaye, ta manta da kunyar ɗan fari gaba ɗaya, ta kama sunansa ta faɗa da ƙarfi har sau biyu tana salati. Ango kansa sai da ya zabura, ina jin tunda aka yanka ragonsa bai taɓa jin sunan a bakinta ba. Tace a kashe, a kira malam.

Su kuwa ƙawayen amarya ba ƙyaftawar ce ta damesu ba. Ankon da suka sha rigima a kansa kafin a tsayar, wani leshi tsakanin ruwan hoda da ruwan goro, babu shi a cikin kala 16. Manhaja tana duba wacce tafi kusa ne kawai ta manna, sai waɗanda fitila ta haska suka fito ja, na cikin inuwa suka fito ruwan toka, kai kace ba anko ɗaya bane. Fatar mutum ma kala ɗaya tak ta samu, ruwan ƙasa, duk wanda ya ɗan fi haka duhu sai ya narke cikin bango ya bar hula da haƙora. Amarya da mai kwalliya ta lafta mata hoda ta fito ruwan ɗorawa shar. Wata ƙawa tace Allah ya isa kuɗin ɗinkinta, wai ina ita a ciki. Na nuna mata wasu tubala huɗu a gefen hagu nace gaki nan. Bata sake min magana ba.

Malam yazo bayan magariba, dattijo mai natsuwa, makarantar allonsa na nan bayan gidan. Na durƙusa nace Allah gafarta malam wallahi kwamfuta ce kawai. Yace nuna min na farkon. Na buɗe masa ΓûÇ ɗin. Ya sa tabarau ya matso, ya ɗora yatsa a gilashin talabijin yana ƙirga gidaje, ya kai wajen talatin da wani abu ya gaji. Yace samari gida nawa ne a layi? Nace 80 ne, layi 25. Ya girgiza kai yace Hajiya ki kwantar da hankalinki, babu mai zaman da zai cika hatimi mai gida dubu biyu, ko nawa aka biya shi, kuma baƙi uku ne kawai ake ta maimaitawa, wannan ko almajirin da ya fara babbaƙu ya fi shi. Ni dai ban san ko wanke ni yayi ko zagina yayi ba, nace na gode malam.

Duk da haka yace ayi sadakar ƙosai da safe saboda bakin mutane, kuma kowa a falon ya juyo ya kalleni, don haka aljihuna ne ya fita. Dambun ma ban samu ba, an ce yara sun cinye.

Na dawo shago na kunna iCE ɗin, na rage hasken shaddar, na sa ɗigo ɗigon nan ya cakuɗa ja da fari har ankon ya ɗan yi kama da kansa, na ɗora fayil ɗin a BBS ɗina tunda dai an riga an sha wahala. Dangi babu wanda ya leƙa, an ma cireni daga admin na gurup. Mutum ɗaya ne ya shigo ta telnet cikin dare, daga gani ba ɗan ƙasar nan bane, ya kalla har ƙarshe ya bar min saƙo da Turanci, wai aikin yayi kyau ƙwarai, amma yana tambaya wane irin tsuntsu ne wannan babban farin da yake buɗe fukafukai a tsakiya mutane suna watsa masa ganye.