Hadarin da ya wuce Tawa, shi ke iske mu a Houston

Shekarata ta farko a Houston, a jihar Texas ta Amurka, da maƙwabcina ya buga ƙofa ya ce mahaukaciyar guguwa na tafe, in je in sayi ruwa, dariya na yi. Ni Ba'adare ne. Na tashi ina ganin gabas ta yi ja, ƙura ta rufe Tawa da rana tsaka, a ɗaure awaki, a kwashe shanya, bayan awa ɗaya a fito ana barka da ruwa. Wace iska za a nuna mini?

Ranar 8 ga Yulin 2024 guguwar Beryl ta shigo Texas. A ma'auninsu mai hawa biyar tana hawa na ɗaya ne, wanda ke farawa daga gudun kilomita 119 a awa, amma ta bar gidaje da shaguna fiye da miliyan biyu babu wuta, cikin zafin Yuli. Mu kwana shida muka yi a duhu.

Daga baya na ji cewa da yawa daga cikin manyan guguwar nan daga wajenmu suke tasowa. Hadarin damina da ke ratsa Sahel daga gabas zuwa yamma, in ya faɗa teku ta wajen Senegal ya tarar da ruwa mai ɗumi, sai ya shiga juyawa yana ƙara ƙarfi. Na gaya wa Inna a waya cewa ruwan da suke roƙo shi ke biyo mu. Ta ce, "To ku maido mana ragowar, gero na so."

Lokacin guguwar a nan sananne ne, daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba. Cibiyar sa ido kan guguwa da ke Miami tana ba da sanarwa awa 48 kafin iskar ta iso, da babban gargaɗi saura awa 36. Kafin nan kowa ya cika mota da esansi, ya ciro kuɗi a hannu tunda kati ba ya aiki in babu wuta, ya tanadi ruwan sha wajen lita huɗu ga kowane mutum a rana. Baƙo irina kuma ya naɗe fasfo da takardun zama cikin leda, don asararsu ta fi ta kujeru ciwo.

Bayan guguwar ta wuce, mu ne gwanaye. Wanda ya girma da randa da gawayi da kwana a tsakar gida, ɗaukewar wuta ba ta firgita shi. Ni na dafa wa maƙwabta shinkafa a waje. A waje fa, domin hayaƙin gawayi ko na janareta cikin ɗaki rufe yana kashe mutane bayan guguwa, ba wari ba ƙara.

Inda mutanen nan suka fi mu shi ne jin magana tun kafin abu ya auku. A 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwa sama da milimita 1,500 a wani yanki na Texas cikin ƴan kwanaki, kusan daminar Tawa huɗu ke nan. Wanda ya ga wannan, in aka ce tashi, tashi yake. A Yamai kuwa, ko bayan 2020 da kogin Isa ya fasa madatsa ya shiga unguwannin Lamorde da Saga, ana yin gargaɗi a rediyo, mu ce Allah ya kiyaye, mu gyara kwanciya.

Ban ɗora laifin duka kan talaka ba. Mai ɗakin laka a bakin kogi ba shi da mota, ba shi da kuɗin haya, kuma yana tsoron in ya fita a kwashe masa kaya. Gargaɗin da bai zo da wurin zuwa ba, surutu ne. Amma yashe magudanar ƙofar gida da ɗora buhun hatsi bisa tebur ba sai gwamnati ba.

Bana tun watan Mayu na kira ƙanena da ke Harobanda, ƙetaren kogi a Yamai, na ce ya sa takardun gida da na haihuwar yara cikin leda, ya rataye a sama. Ya ce, "Yaya, ka zama Ba'amurke." Na sake kira bayan sati biyu, ya ce ledar ce bai samu ba tukuna.