Jidda ta baƙi ce, bai kamata ta manta da su ba

Yawancin alhazanmu filin jirgi da kasuwar tsaraba kawai suka sani a Jidda. Amma garin ya girmi jirgin sama nesa ba kusa ba. Tun shekara ta 26 bayan Hijira Halifa Usman bin Affan ya mai da shi tashar jiragen ruwa ta Makka, a madadin Shu'aiba. Daga nan yawancin waɗanda suka nufi Ɗakin Allah ta Bahar Maliya sai sun fara taka ƙasarsa.

Wasu sun wuce, wasu guzuri ya ƙare suka zauna. Su ne suka yi Jidda. Akwai fataken Hadramaut, da Indiyawa, da mutanen Jawa, da kakanninmu da suka keta Chadi da Sudan a ƙafa, suna noma a hanya shekara da shekaru, kafin su haye teku daga Sawakin. Da aka buɗe mashigin Suwez a 1869, jiragen tururi suka ƙara cika tashar da kaya da mutane.

Wanda ya shiga tsohuwar unguwar Al-Balad zai ga wannan da idonsa. Gidaje ne dogaye, an gina su da dutsen murjani da aka ciro daga teku, ga tagogin katako masu huda-huda da ake kira rawashin, waɗanda ke shigo da iska su tare rana, mace ta ga titi ba tare da an gan ta ba. Katakon ma daga ƙetare jiragen ruwa suka kawo shi. An rushe ganuwar garin a 1947, amma unguwar ta tsira, har hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa ta cikin kayan tarihin duniya a 2014. Yau ana kashe maƙudan riyaloli wajen gyara ta, kuma na yaba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021. Gomman unguwanni aka baje, irin su Sabil da Gulail da Karantina, inda talakawa da 'yan Afirka, har da waɗanda muke kira Takari, suka yi zamansu. Hukuma ta ce an gina su ba tsari, kuma sun zama maɓoyar masu laifi. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, domin duk wanda ya tuna ambaliyar 2009 da ta kashe mutum sama da ɗari ya san garin na buƙatar tsari. Sai dai 'yan ƙasa kawai aka tanadar wa diyya. Mutumin da aka haifa a Jidda, aka haifi ubansa a can, bai da takardar zama ɗan ƙasa, sai ya kwashi 'ya'yansa ya shiga neman haya a lokacin da kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo.

Su ne masu dako, da direbobi, da masu shara, da masu gasa tsire. Hukumar da ta iya tattara masana don ceto tagar katako, ba za ta gaza ƙirga iyalan nan ta ba su matsuguni da takardar zama ba. Ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Jidda ma ya kamata ya riƙa buɗe baki a kansu.